Hankalinsa na nan, magana ce ta kuɓuce masa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata lalura mai ɗauke wa mutum magana bayan shanyewar ɓarin jiki, wadda ta shigo gidanmu wata 14 da suka wuce. Na tabbata tana cikin gidaje da yawa a ƙasar nan, sai dai ba a kiranta da sunanta.

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata. Mahaifina dillalin hatsi ne, sama da shekara 40 yana cin abinci da bakinsa. Shi ake turawa neman aure a danginmu, shi ake kira idan 'yan uwa suka saɓa a kan iyakar gona, domin ya iya ɗora magana a inda za ta zauna. Wata Talata da asuba cikin damina ya fito zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Inna ta ji faɗuwarta ta fito, ta tarar da shi a zaune a ƙasa, baki ya karkace, yana kallonta yana ta cewa "to, to, to". Sai da muka kwana biyu ana tofi ana ba shi rubutu kafin muka kai shi asibiti. Ba na raina addu'a, har gobe da ita muke tafe. Amma a can ne likita ya gaya mana cewa idan gudan jini ne ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, akwai allurar da ke narkar da shi, kuma amfaninta cikin awa 4 da rabi na farko ne, bayan an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewa jijiyar ta yi ba. Mu kuwa mun zo bayan awa 50. Wannan lissafin har yau yakan hana ni barci.

Ƙafa da hannu sun samu sauƙi da gashin da ake yi masa, yanzu yana dogara sanda ya je masallacin ƙofar gida. Magana ce ta ƙi dawowa. Kuma a nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Masu zuwa dubiya sukan zauna a gabansa su yi ta zancensa kamar ba ya wurin. Wata rana wata dattijuwa daga cikin dangi ta dube shi ta ce da Inna, "Allah sarki, ai Malam ya riga ya tafi, gangar jiki ce kawai." Ina kallonsa. Ya sunkuyar da kai, hawaye ya gangaro ta gefen da bakin ya karkace, ya sa hannun hagu ya ja bakin rawaninsa ya share. Ya ji komai, ya gane komai, ya rasa da me zai mayar.

Wannan lalura tana da suna a wurin likitoci, afeshiya suke ce mata, wato rushewar harshe saboda rauni a ƙwaƙwalwa. Kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama suna fama da ita. Wani matashin likita ne ya fara yi mini bayani a tsaye a baranda, daga nan na shiga karatu da kaina. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya duba wani mutum mai suna Leborgne da ya shekara 21 a asibiti, wanda kusan duk abin da aka tambaye shi amsarsa "tan, tan", alhali yana fahimtar abin da ake ce masa. Mutumin ya rasu 'yan kwanaki bayan haka, Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa ya ga rauni a ɓangaren gaba na gefen hagu. An adana ƙwaƙwalwar a birnin Paris, har a 2007 aka sake ɗaukar hotonta da na'urar zamani, aka ga raunin ya nutsa ciki fiye da yadda Broca ya iya gani da ido. Ranar da na karanta labarin nan na ajiye wayar na yi kuka, domin "tan, tan" ɗinsa ita ce "to, to" ta Baba. Gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane shi ke riƙe da harshe. Shi ya sa buta da magana suka faɗi tare.

Akwai wani nau'in da wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana a 1874, kuma shi ya fi ba ni tsoro saboda mutanenmu. Mai shi magana na zuba daga bakinsa ba gargada, amma ba kai ba gindi, kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa sosai. Na ga wata tsohuwa haka a layin gashi, 'ya'yanta suna ta ba mutane haƙuri wai ta samu taɓin hankali. Irinta ne ake cewa iska ta buge su, a yi ta yawo da su gidajen masu magani, alhali jijiyar jini ce ta toshe.

Abin da ya fi rikita danginmu shi ne Baba yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Yana ƙirga ɗaya zuwa goma. In ka ce "ina kwana", "lafiya lau" za ta fito da kanta. Amma ka tambaye shi me yake so ya ci, sai ya yi ta fama har gumi ya keto masa. Wasu suka ce sammu ne aka ɗaure masa baki a kasuwa, tunda ga shi Alƙur'ani ya gagari ɗaurin. Wani ma cewa ya yi da gangan yake. Tun ƙarni na 19 wani likitan Ingila, John Hughlings Jackson, ya lura cewa maganar da ta zauna a baki saboda yawan maimaitawa takan tsira, ita kuwa wadda mutum zai ƙera sabuwa don ya faɗi nufinsa ita ke rushewa. A kan irin wannan lura ne wasu likitoci a Boston ta Amurka suka fito da wata hanyar jinya a 1973, inda ake sa majinyaci ya rera gajeruwar jimla da kari yana buga hannun hagu, har a hankali ya koma faɗinta ba rerawa. Na gwada da Baba da irin karin da almajirai ke biya allo. Da haka muka samu "ba ni ruwa", bayan mako uku.

To ga inda nake son masana su saurare ni. Ranar da aka zo auna maganar Baba a asibiti, ma'aikacin ya fito da wasu katuna masu zane, yana tambaya da Turanci, ƙanena yana fassarawa. Aka nuna masa wani zagayayyen gida na ƙanƙara. Baba ya dubi katin, ya dube ni. Aka rubuta ya kasa. Aka miƙo masa rubutun boko ya karanta, mutumin da duk lissafin kasuwarsa da ajami yake yi. Aka sake rubuta ya kasa. Ban ga laifin ma'aikacin ba, abin da ke hannunsa ya yi aiki da shi, kuma ya yi haƙuri da mu matuƙa. Daga baya na gano cewa shahararren gwajin kiran sunayen abubuwa da aka wallafa a Amurka a 1983 zane 60 gare shi, cikinsu har da wannan gidan ƙanƙara da wani dokin tatsuniyar Turawa mai ƙaho ɗaya a goshi. Ko lafiyayyen dillali ka tare a kasuwa da waɗannan katuna, kallonka zai yi. Washegari na zo da kaya a leda daga gida: mudu, basilla, lauje, ludayi. Na ɗaga mudu. Ya ƙura masa ido, leɓensa na rawa, can ya ce "mu… mudu". Inna ta rufe fuska da mayafi.

Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Edinbara sun duba maƙalun da manyan mujallun wannan fanni suka buga daga 2000 zuwa 2009, suka wallafa sakamakon a 2011: sama da kashi 60 cikin 100 a kan masu jin Ingilishi aka yi su, mafi yawan ragowar kuma a kan sauran harsunan Turai. Ilimin da ake jinyar iyayenmu da shi a bakin wasu aka gina shi, kuma harshe ba ya rushewa iri ɗaya a ko'ina, yana tsagewa ne ta inda gininsa yake.

A matsayina na mai koyar da nahawu, kullum ina ganin wannan a bakin Baba. Hausa tana da karin sauti. Kukan yaro da kukar miya baƙaƙe da wasulansu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne ke raba su. Wani dare Baba ya yi ta cewa "kuka, kuka" da murya a miƙe, Inna ta rikice tana tambayarsa wa ke kuka, wa ya ɓata masa rai, ashe miyar kuka yake marmari. Akwai kuma tsawon wasali, wanda ke raba garin da ake zama a ciki da garin tuwo. Wani masani a Amurka, Jack Gandour, ya yi shekaru tun daga wajajen 1980 yana nazarin masu wannan lalura a harshen mutanen Tailan, wanda shi ma mai karin sauti ne, ya nuna cewa raunin gefen hagu yana taɓa karin da ke bambanta ma'anar kalmomi. Katin da aka tsara don mai jin Ingilishi ba zai taɓa kama wannan ba, domin harshensu ba ya raba kalma da kalma ta haka. Sannan ga lamirin lokaci. A Hausa ƙananan kalmomin nan, na, zan, ina, nakan, su ke ɗauke da wanda ya yi aiki da lokacin da ya yi shi, kuma su ne suka fara zubewa daga bakin Baba. Sai ya ce "tafi… kasuwa". Ya tafi ne a da yana ba mu labari? So yake a kai shi? Ko ƙanena yake aike? Haka za mu yi ta jero masa har ya gyaɗa kai. Jam'i ma ya gagare shi, buhu ɗaya da buhuna goma duk "buhu" ne.

Na san za a iya irin wannan bincike a nan, domin an yi makamancinsa. Akwai babban nazarin da ake kira SIREN, wanda likitocin Najeriya da Gana suka gudanar ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da Farfesa Bruce Ovbiagele, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suna ciki. A 2018 suka fitar da sakamakon kwatanta mutum 2,118 da shanyewar ɓarin jiki ta kama da wasu 2,118 da ba ta kama ba. Hawan jini ya fito a sahun gaba da tazara mai nisa, har ana danganta kusan tara cikin goma na cutar da shi, sai ga su ciwon suga, ƙara gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da ƙarancin cin ganye. Baba yana da hawan jini, ya bar shan magani wata shida kafin abin ya faru saboda ya ji garau. Wannan aiki ya nuna mana abin da ke kayar da mu. Saura a bi waɗanda suka tashi ba baki.

Roƙona ga sassan nazarin harsuna na Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo shi ne su haɗa kai da likitocin ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa da ke maƙwabtaka da su. Duk shekara ɗalibai na rubuta kundi a kan karin sauti da jam'i da jinsi, ni ma a kan jam'i na yi nawa. A tura wasunsu ɗakin marasa lafiya da rikoda, da izinin majinyata da iyalansu. A tsara gwaji da Hausa tun daga tushe, da zanen abubuwan da ke tsakar gidanmu, a fara gwada shi a kan lafiyayyun dattawa, masu boko da masu ajami da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba, don a san inda lafiya ta tsaya lalura ta fara. A kula da karin harshe, kada a rubuta wa Basakkwace ko mutumin Damagaram ya kasa don bai faɗi kalma irin ta Kano ba. Jinyar magana tana aiki. Wani babban bita da aka yi a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje 57 da mutum 3,002, ya nuna waɗanda aka yi musu ita sun fi samun ci gaba wajen sadarwa da karatu da rubutu a kan waɗanda ba a yi wa ba. Amma jinyar magana da harshen majinyaci ake yinta, ba ta bakin tafinta ba.

Ga 'yan uwana masu jinya a gida kuwa, ku daina ɗaga masa murya, ba kurma ba ne. Ku yi masa tambayar da zai amsa da i ko a'a, ku ba shi lokaci, kada ku riƙa ƙwace kalma daga bakinsa yana dab da kamo ta. Kuma ku ci gaba da shawara da shi. Da za a sa ranar auren ƙanwata, yayana ya zauna a gabansa ya jero watanni ɗaya bayan ɗaya, Baba ya ɗaga hannu a kan bayan Babbar Sallah, kuma haka aka yi.

Tun watan farko nake rubuta abin da Baba ya faɗa kowace rana, da abin da yake nufi, da alamar karin sautin yadda ya fito daga bakinsa. Na cika littafi uku na makaranta masu shafi 60, ina cikin na huɗu. Na karanta masa wannan wasiƙa kafin in aiko, na tambaye shi ko ya yarda a ba masu bincike littattafan, ya gyaɗa kai sau biyu ya ce "to". Duk malamin jami'a ko likitan da yake da buƙatarsu, ya neme ni ta ofishin wannan jarida, na bar lambata a wurin Edita.

Wassalam.

Taku mai karatu,
wata malamar Hausa daga Funtuwa, Jihar Katsina