Wancan hoton ba na kuregenmu ba ne

Ya Edita,

Barka da aiki. Hoton da kuka liƙa wa labarin ɓarnar kurege a gonakin gyaɗa ne ya sa na ɗauki biro, domin ba kuregenmu ba ne. A ƙauye na tashi kafin neman abinci ya kawo ni Agege, kuma na sha haƙar raminsa ina yaro. Namu mai rami ne, gashinsa kaushi, da farin zane a kowane gefe.

Na hotonku ɗan Arewacin Amurka ne, mazaunin bishiya. Ku duba da kyau: bayansa ruwan toka, cikinsa fari, jelarsa buzu-buzu, ba zane ko ɗaya. Nauyinsa ya kan kai rabin kilo. Sheƙar ganye yake yi a tsakanin rassa, ko ya shige kogon itace. In zai sauko, kai yake sa wa a gaba, saboda ƙafafunsa na baya suna juyawa su riƙe ɓawo. Ƙanina da ke karatu a can ya turo mini bidiyonsa, na yi ta maimaitawa a shago har abokan ciniki suka taru.

Abin da ya fi burge ni shi ne ajiyarsa. Kafin hunturu yana binne 'ya'yan itatuwa ɗaiɗai a wurare barkatai, waɗanda bai tono ba su tsiro. An kai shi Ingila a 1876, ya yaɗu har ya kusa korar jan kuregen ƙasar.

Don Allah a gyara hoton.

Naku,
Mai sayar da hatsi a Agege, Legas