Zuwa ga Sarkin Ruwa, can Bern ta ƙasar Switzerland

Assalamu alaikum Sarkin Ruwa,

Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan Yauri lafiya lau sai zafin bazara da ya sako mu gaba, sati biyu kenan a tsakar gida muke kwana, hadari ya haɗo kamar gaske iska ta zo ta watsa shi. Na san ka ji ni shiru tun bayan sallah, ka yi haƙuri, hidimar albasa ce ta riƙe ni.

Saƙon muryarka na ranar Juma'a shi ya sa na zauna rubutu, don in na kira ka a waya dariya za ka yi ka kashe maganar kamar yadda ka saba.  Ka ce rana ta buɗe a Bern, kana ganin Turawa suna faɗawa kogin Aare ruwa na tafiya da su, kuma kai ma ƙarshen satin nan za ka nuna musu ɗan bakin Kwara ne kai. Wallahi tun da na ji gabana ke faɗuwa. Dan Allah dan Annabi kada ka shiga ruwan nan a watan Mayu.

Ba iyawarka nake rainawa ba. Ni ne shaida, a gabana ka ƙetare zuwa gungu ka dawo ba ka huta ba, ranar da Baba ya jira ka a bakin gaɓa da tsumagiya. Amma mu ruwan ɗumi muka sani. Ka tuna wankan asuba na hunturu, muna karkarwa haƙora na haɗuwa, ruwa na tururi, muna cewa yau ruwa ya yi ƙanƙara? To ko a wannan lokacin ruwanmu yana sama da digiri 20, iskar hunturu ce ke dukanmu in mun fito, shi ya sa in ka nutsa ciki har ba ka son fitowa. Yanzu da bazara kuwa yana kai wajen 30, kamar an surka maka. Shi kogin naka daga ƙanƙarar duwatsun Alps yake gangarowa, ya bi ta tafkin Brienz da na Thun kafin ya iso garinku. Da sanyi yana sauka wajen digiri 5 ko 6, a Mayu yawanci tsakanin 10 da 15 yake, sai Yuli da Agusta ne yake hawa wajen 20 ko ya ɗan haura. Kuma wannan lokacin da ƙanƙara ke narkewa ne yake cika, gudunsa ya ƙaru. Ranar da kake gani iska kawai ta ɗumama, ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, sai ya yi makonni yana bin baya.

Na zauna na karanta abin sosai saboda kai, har Maman yara na tambaya ko jarrabawa zan rubuta. Abin da ya fi ba ni tsoro minti ɗaya na farko ne. In mutum ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 ba jiki da kansa yake jan numfashi da ƙarfi ba tare da ka so ba, in kanka na ƙasa a lokacin to ruwa ka shaƙa, daga nan numfashi ya riƙa fita sama-sama zuciya na bugu, ba ruwansa da ko kai gwani ne. In ka tsallake wannan, cikin kamar minti goma hannuwa da ƙafafu su fara mutuwa, yatsu su ƙi damƙa, kana ganin ƙarfen matakalar fita daga kogin a gabanka ka kasa riƙe shi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska wajen ninki 25. Ko wuraren gasar ninƙaya na duniya tsakanin 25 da 28 suke ajiye ruwansu, ka ga kenan mu tun muna yara a irin nasu muke wasa ba mu sani ba.

Kuma ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen Mayun 2022 ɗan gwamnan wani lardi na Indonesiya, saurayi da ƙarfinsa, ya shiga wannan kogin a nan Bern ruwa ya tafi da shi, sai bayan kusan sati biyu aka ga gawarsa. Allah ya jiƙansa. Baƙo ne kamar kai, daga ƙasar zafi kamar kai, kuma a wannan watan. Ka tambayi mutanen gari za su faɗa maka.

Kai da ko shayi ba ka sha sai ya ƙona harshe, kai da ke sa rigar sanyi biyu a Janairun Yauri, kai ne za ka shiga ruwan ƙanƙara? Ɗan Goggo ma da na sa masa saƙon cewa ya yi a tuna maka ranar dorina, wai har yau takalminka ɗaya na can.

Af, maganar ruwa ta tuna min, autanmu tsargiya ta kama shi. Kwana biyu yana ɓoyewa sai da Inna ta ga jini a fitsarinsa. Ka san yanzu ruwa ya ja baya sosai, duk ƙananan kududdufan nan sun yi ɗumi sun cika da katantanwa, yara kuma da an taso makaranta can suke yini da tsakar rana, lokacin da ƙwayar ta fi yawa a ruwa. An kai shi asibiti an ba shi praziquantel gwargwadon nauyinsa, ya ji sauƙi Alhamdulillah, amma hana shi komawa shi ne aikin. Namu ruwan da nasa ciwon, kuma nan da Agusta in farin ruwa ya sauko ya yi kauri da laka ba mai barin yaro ya matsa kusa. Ni har yanzu na fi son na Disamba zuwa Fabrairu, baƙin ruwan nan da ke tahowa tun daga Gini ta Mali, garau da shi, ga sanyi daidai.

Bikin mutumin naka an ɗaga zuwa bayan girbi, dangin amarya sun ce kayan ɗaki ba su haɗu ba, shi kuma ya rame kamar kazar mayu. Kifi ya yi tsada, giwan ruwa sai mai hali, Sarkawa na kukan kamu ya ragu. Injin jirgin Kawu ya sake lalacewa.

In dai sai ka shiga ɗin, kuma na san taurin kanka, ka bari sai tsakiyar Yuli. Akwai manhajar Aare.guru da ke nuna zafin ruwan da ƙarfin gudunsa kullum, ka sa a wayarka, in bai kai 20 ba ka zauna a ciyawa ka sha rana. Ka tafi da ɗan gari wanda ya saba, ku fara takawa a ƙafa ya nuna maka matakalan fita masu jan ƙarfe na wajen wurin wanka na Marzili tun kafin ka jiƙa, don in ka wuce na ƙarshe madatsa ce a gaba. Ka shiga a hankali, ka jiƙa fuska da ƙirji tukuna, ban da alkafurar nan taka. In numfashi ya ƙwace maka kada ka yi kokawa, ka kwanta rigingine har ya dawo.

Ban faɗa wa Hajiya ba, amma in na ga hotonka a ruwan nan kafin Yuli ni da kaina zan kai mata wayar. Ta ce in gaishe ka, kuma wai ko yajin da ta aika ya iso? Ka amsa mata wannan da wuri, kullum sai ta tambaye ni.

Naka,
Abokin ƙetare gungu