Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiyar Iyalan Masu Larurar Taɓin Hankali

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na ƙauyukan Ɗambatta.

Bana mun fi ba da ƙarfi ne kan abu guda: kada mara lafiya ya yanke magani. Mun lura yawancin waɗanda ciwon ya tasar wa, sun daina sha ne da suka ga sauƙi, ko kuma damina ta kankama aka rasa mai raka su asibiti.

A zaman wayar da kai da muka yi da ma'aikatan lafiya, an yi mana bayanin sikizofiriniya, ciwon da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana bin sa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Tun 1952 aka fara amfani da maganin wannan ciwo mai suna kulofuromazin a Faransa, daga baya bincike ya gano yana rage aikin wani sinadarin ƙwaƙwalwa, dofamin. Shi ya sa muryoyin kan lafa, shi ya sa kuma wasu jikinsu kan sandare, hannu na rawa. Wannan bayani ya yi mana rana. Da uwa ta ga haka, yanzu likita take nema ya daidaita magani, ba ta ce an sake yi wa ɗanta sammu ba.

An gaya mana a 2024 Amurka ta amince da wani sabon magani mai suna Cobenfy, wanda ba ta hanyar dofamin yake bi ba. Mun yi murna, amma mu dai abin da ke gabanmu shi ne allurar wata-wata, wadda ta sauƙaƙa wa masu mantuwa. Da kuɗin asusu muke haɗa marasa lafiya a mota ɗaya zuwa asibitin Dawanau ranar ganin likita.

Batun ɗaure marasa lafiya da mari ya fi komai wuya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare haƙƙin waɗannan bayin Allah, sai dai ba takarda ke kwance sarƙa ba, lallashi ne. Mun bi ta hannun masu unguwanni da limamai. Ba mu hana kowa ruƙiyya ba, roƙonmu a haɗa da asibiti, kuma a kai da wuri. Wasu gidajen sun kwance, wasu har yanzu.

Zancen wiwi da matasa ba mu taɓuka komai ba, sai baɗi in Allah ya kai mu. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taro mai zuwa, masu bashin kuɗin wata su taho da shi.

Sakatare