Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Daga Teburin Sakatare

Assalamu alaikum.

Shugaba, Hajiya Uwar Ƙungiya, iyayenmu da 'yan'uwa, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Kamar yadda aka sani, tun da Ma'aji ya samu canjin wurin aiki ya bar garinmu Hustan na jihar Teksas a Amurka, littafin kuɗi ya dawo hannuna a matsayin riƙo na wata biyu. Wata biyun nan har yau bai ƙare ba. Don haka wannan rahoto na mutum ɗaya ne mai hula biyu, a yi haƙuri da tsawonsa.

Zaman cin abinci na wata-wata ya gudana kamar kullum, ban da watan azumi da watan Yuli. An ci, an sha, an tashi lafiya.

Tafiyar Luwiziyana

Wannan ce abin alfaharinmu na bana, kuma ba zan taƙaita ta ba, domin waɗanda suka zauna a gida su san abin da ya wuce su.

Shekara da shekaru muna cin kirofish, ɗan halittar ruwan nan mai ɓawo mai kama da jatan lande, a shagunan 'yan Biyetnam na titin Bellaire, mai man shanu da tafarnuwa, muna cewa wata rana za mu je tushensa, wato jihar Luwiziyana maƙwabciyarmu. Bana aka je. Mun saka ranar a Asabar ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, kuma da dalili. Lokacin kirofish yakan kankama ne daga Maris zuwa Mayu, azumi kuwa ya cinye mana Maris da farkon Afrilu. Idan kuma muka jinkirta zuwa farkon Mayu, sai mu faɗa cikin cunkoson bikin kirofish na Breaux Bridge, garin da majalisar jihar ta naɗa wa sarautar babban birnin kirofish na duniya tun 1959. Ga dattawa, ga yara, ba mu da ƙarfin turereniya.

Masu cewa kuɗin kujera ya yi yawa, ga amsarku. Farin da aka yi a Luwiziyana a 2023 ya busar da ramukan da halittun nan ke ɓuya a ciki lokacin zafi, da yawansu suka mutu a ƙarƙashin ƙasa. Kaka ta zo da ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnan jihar, Jeff Landry, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan sana'ar a watan Maris. Zuwa ƙarshen Afrilu ya ɗan sauko, amma bai koma yadda muka saba ba. Ba Sakatare ne ya yanka farashi ba.

Bas ta tashi bayan sallar Asuba da jinkirin da ba sai na faɗi wanda ya jawo shi ba, ya san kansa. Tafiyar mil ɗari biyu da 'yan kai ce a kan babbar hanyar I-10, ta Beaumont, a ƙetare kogin Sabine, sai Lake Charles. Daga nan zuwa Crowley ido ba ya ganin komai sai gonakin shinkafa shimfiɗe, wasu cike da ruwa, kawunan tarkuna sun leƙo a jere. Yaran suka ɗauka tafki ne. Direba ya yi musu bayani cewa gona ɗaya ce take ba da amfani biyu: a girbe shinkafa, a sake sakin ruwa a kan kututturen, kirofish ya yi kiwo a ciki, manomi ya bi layi da ɗan jirgin ruwa yana zazzage tarko yana sa sabon yankan kifi.

Malaminmu na jami'a kuwa ya karɓe lasifikar bas bai sake ta ba sai da muka shiga Lafayette. A bakinsa wasunmu suka fara jin cewa Kejun, mutanen wannan yanki, jikokin Faransawa ne da Ingila ta kora daga Akadiya, yankin Nova Scotia na Kanada a yau, tun daga 1755. Suka watsu, wasu suka ƙare a Luwiziyana lokacin tana hannun Sifaniya, a 1785 ma jiragen ruwa bakwai suka kwaso wasu daga Faransa. Aka zaunar da su a fadamu da filayen kudu, suka koyi cin abin da ruwa da daji suka ba su. Malam, mun gode, amma baɗi minti ashirin za a ba ka.

Gidan abincin ɗan ƙarami ne a gefen gari, na katako, tebur bai fi goma ba, kuma mun kama shi gaba ɗaya na rana. Abin da ya sa na zaɓe shi a kan manyan da wasu suka turo a zaure shi ne mai shi ta saurare ni. Abincin Kejun, a faɗi gaskiya, alade ya ratsa shi ta ko'ina. Tsiran alade mai hayaƙi da suke kira andui yana cikin gumbo, wato miyarsu, da jambalaya, wato dafa-dukarsu, budan kuwa alade ne da shinkafa a cikin hanji, har tukunyar kirofish sukan jefa wa tsiran alade. Manyan gidajen da na kira duk amsarsu ɗaya, wai za su tsame naman kafin su kawo. Wannan baiwar Allah kuwa, dattijuwa ce da ɗanta ke taya ta, cewa ta yi in faɗa mata abin da ba ma ci, ta rubuta. Muka tsaya a kan kayan ruwa zalla, ba naman tudu ko ɗaya, sabon mai a kaskon suya, sabon ruwa a tukunya, ba giya a miya ko a kayan zaƙi. Da muka isa, ta ja Hajiya Uwar Ƙungiya har kicin ta buɗe mata tukwane ɗaya bayan ɗaya. Masu tantama a kan kirofish ɗin kansa, Liman ya riga ya warware tun a zaman Sha'aban cewa a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Soyayyen kada yana cikin jerin abincin gidan, ba wanda ya tambaya.

Gumbo aka fara kawowa. Duk sirrinsa a soyayyen fulawar nan ne da suke kira ru: fulawa da mai a tukunyar baƙin ƙarfe, a yi ta juyawa ba ɗaga hannu kusan awa guda, har ya koma launin cakulan mai duhu. Ta ce in ka ga baƙin ɗigo ko ɗaya ya ƙone, sai zubarwa a sake sabo. A kansa ake zuba albasa da koren tattasai da seleri, sannan romo, jatan lande, ƙaguwa da kuɓewa. Aka ajiye mana wani koren gari a kwalba, file, dakakken busasshen ganyen itacen sasafaras da suka gada daga ƙabilar Choctaw. Hajiya ta barbaɗa, ta juya, ta ga romo ya kama jikinsa, ta ce wannan ai kukarsu ce. Abin da ya raba kan teburi shi ne cokalin kwaɗon dankali mai sanyi da mutanen yankin ke sakawa a tsakiyar gumbo mai zafi. Shugaba ya gwada ya ƙara, ni dai ban ga dalili ba.

Jambalayar ba ja ba ce. Ta Kejun ba a sa mata tumatir, launinta ruwan ƙasa ne daga abin da ya kama a gindin tukunya, ja mai tumatir ta mutanen New Orleans ce. Matan da suka zo da shirin kushewa suka ɗanɗana suka yi shiru, daga baya aka ji ana cewa da an ƙara attaruhu. Etufe, wato wutsiyar kirofish da aka turara a man shanu da albasa aka zuba kan farar shinkafa, shi dattawa suka fi yabawa don ba ya buƙatar haƙori. Tarwaɗar da aka tsoma a garin masara aka soya ba ta kai teburi na uku ba.

Sai babban baƙo. Aka shimfiɗa takarda, aka juye kirofish jajir yana tururi, laba uku ga kowane babba, da masara da dankali da tafarnuwa da suka sha barkono da lemun tsami. Ɗan mai gidan ya nuna mana yadda ake yi: a murɗe kai, a tsotse romon ciki in ana so, a ɓare ɓawo biyu na farko, a matse ƙarshen wutsiya nama ya zamo. Baba Alhaji, wanda ya rantse a bas cewa shi ba zai ci ƙwaro ba, shi aka gani daga ƙarshe ya naɗe hannun babbar riga har kafaɗa, tulin ɓawo a gabansa ya fi na kowa, yana tambaya ko akwai saura a tukunya. Hoton yana wurina, kuma ba zan goge ba.

Abin da ba mu shirya ba shi ya fi daɗi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suna hira da Faransanci, sai dattijuwar ta tsaya da tire a hannu ta amsa musu. Faransancinta na kakanni ne, sai an kasa kunne, amma sun fahimci juna. Ta ba su labarin yadda ake hukunta mahaifinta a makaranta in ya yi yaren gida, bayan tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta Turanci a aji, shi ya sa ita a wurin kakarta ta tsinta, ɗanta kuma ba ya ji sai gaisuwa. Iyayen da 'ya'yansu ke amsa Hausa da Turanci sun ji wannan magana a jikinsu. Ta ƙi karɓar kuɗin kayan zaƙi. Muka haɗa Azahar da La'asar a masallacin Lafayette, muka kamo hanya.

A lura da abu ɗaya. Tafiyar nan ba ta bar bashin ko sisi ba, har tukuicin ma'aikata da na direba an fitar, saboda ba wanda ya hau bas sai da kuɗinsa ya shigo.

Kuɗin wata

Nan ne gizo ke saƙa. Waɗanda suka biya shekara cikakkiya ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Akwai masu biyan Janairu da Fabrairu su ɓace. Akwai waɗanda rabonsu da biya tun bara, amma ranar da aka ce za a ci, su ne a kujerar gaba, har da baƙi biyu da robar guzuri. Dala goma ce a wata, ba ta kai kuɗin kwanon gumbo ɗaya ba. Na tura saƙo a zaure, na bi mutane ɗaya-ɗaya, alama ta nuna an karanta, ba amsa. Wani da na tare a masallaci cewa ya yi Zelle ɗinsa na tura kuɗi ya lalace, washegari na ga sunansa a jerin masu karo-karon kallon ƙwallo. Wanda aiki ya tsaya masa ko rashin lafiya ta same shi, ya same ni a gefe, ba mai ji, kuma mun yi wa wasu hakan bana. Ba da su nake ba.

An kuma ce wai ba a san inda kuɗi ke tafiya ba. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Littafi da rasit suna cikin jakar da nake zuwa da ita kowane zama, shekara guda mutum biyu ne suka buɗe.

Abubuwan da ba su kammalu ba

Babbar tukunya da murhun gas da muka yi alkawarin saye don mu riƙa dafa kirofish da kanmu, ba a saya ba. Kuɗin da aka ware ya tafi ne a Yuli. Guguwar Beryl ta sauka ranar 8 ga wata, gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka rasa wuta, unguwar da firizar ƙungiya take ta yi kwanaki a duhu cikin zafin nan na Hustan. Naman layya da membobi suka ba da gudummawa da jatan landen da muka ajiye don walimar bazara duk suka lalace. Wasu sun tambaya me ya sa ba a kwashe ba. A kai ina? Kowa na fama da nasa firjin, ƙanƙara ta yi wuyar samu, itatuwa sun tare hanyoyi. Abin da ya rage a asusu kwamiti ya amince a raba wa gidaje uku da rufinsu ya yaye, kuma da za a sake, haka za a sake yi.

Littafin girke-girke yana nan inda yake. An nemi kowane gida ya kawo girki ɗaya a rubuce da ma'auni. Abin da ya shigo bai isa a ɗinke ba, wasu ma saƙon murya ne na minti tara, rabi gaisuwa, ma'aunin kuma "daidai yadda ya kamata". Dattijuwar Luwiziyana, da ba ta cikin ƙungiya, ta rubuto mana nata etufe da hannunta kafin mako ya zagayo.

Rajistar ƙungiya da hukuma ta tsaya saboda kwamitin mutum uku da aka naɗa bai zauna ba. Ziyarar Avery Island, inda iyalan McIlhenny ke haɗa yajin Tabasco tun 1868, an ɗage ta zuwa baɗi, domin da aka buɗe rajista hannu ya tashi da yawa, kafin alƙalami kuwa na mutum huɗu ne ya shigo, ba a ɗaukar shatar bas da haka.

Shekara mai zuwa

Kwamiti ya amince da waɗannan, za a kawo su gaban babban taro don tabbatarwa. Wanda ake bin sa fiye da wata uku ba shi da kujera a kowace tafiya sai ya biya. Baƙo kuɗinsa a kan wanda ya gayyato shi. Azumin baɗi zai kama ne a Maris, don haka komawa Luwiziyana sai Afrilu, kuma mai gidan ta ce a sanar da ita da wata guda don ta yi odar buhunan tun da wuri. Rajista za ta rufe ranar Sallah, ba ƙarin ko kwana ɗaya.

Godiya ga matan da suke tsayawa wanke-wanke bayan kowa ya watse, su ne dai na bara, su ne na bana. Godiya ga samarin da suka ɗauki kujeru da kuloli.

A babban taro za a zaɓi sabon Ma'aji. Ni ba na cikin takara, kuma duk wanda ya ambaci sunana shi za a miƙa wa jakar nan take. Masu bashi su zo da kuɗinsu, a hannu ko ta waya, za a karɓa a bakin ƙofa kafin a buɗe kula.

Wassalam.

Sakatare, kuma Ma'ajin riƙo