Watsa shugabannin daba a gidajen yari ba magani ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci da baƙon da kuka kawo a shirinku na daren Lahadi. Wai maganin dabar gidan yari shi ne a kwashe shugabanninta a watsa su kurkukun da ke nesa, kuma mai gabatarwa ya ƙyale shi ba tambaya ko ɗaya!

Ai an gwada. Ƙungiyar PCC, wata dabar fursunoni ta Brazil, a gidan yarin Taubate aka kafa ta a 1993, ƙasa da shekara guda bayan 'yan sanda sun kashe fursunoni 111 a gidan yarin Carandiru. Da hukuma ta tura jagororinta wasu jihohi, duk inda aka sauke su sai suka ɗebi sababbin yara, tamkar an watsa iri da damina. A 2001 gidajen yari 29 suka yi bore rana ɗaya, da wayar salula aka shirya shi. A Mayun 2006 aka sauya wa fursunoni 765 wuri, umarni ya fito daga cikin kurkuku, aka far wa 'yan sanda, aka ƙone motocin bas, birnin Sao Paulo ya tsaya cik.

Baƙonku bai san inda ƙarfin yake ba. Ɗakin mutum goma an cusa arba'in, gandiroba ɗaya ke gadin ɗaruruwa. Wa ke raba wurin kwanciya, da sabulu, da magani? Wa ke hana a soke sabon shiga? Daba ce. Ɗan daba na titi kuwa ya san gobe ko jibi zai shigo hannunsu, ko ƙanensa na ciki, shi ya sa yake biyan haraji ba gardama. Da haka Mexican Mafia, wata dabar gidan yari a Amurka, ke juya dabobin kudancin Kalifoniya daga bayan katanga.

A rage cunkoso tukuna. A raba masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci. A binciki ma'aikata a ƙofa kamar yadda ake binciken baƙi, don waya ba ta shiga da ƙafarta. Wanda ya tuba ya bar daba a ba shi sashe na daban, in ba haka ba a daren zai kwanta dama.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin muryar masu magana. Rabin bayanin ba a jin sa.

Naku,
Mai sauraronku