Hayaƙin wiwi a benayen haya: abin da ya kamata ɗan haya ya sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwanmu da ke zaune, ko suke shirin zama, a ƙasashen da suka halatta tabar wiwi, musamman waɗanda za su kama haya a manyan benaye inda iyalai da dama ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya.

Kanada ta halatta wiwi ga manya a ranar 17 ga Oktoba, 2018, Jamus kuma ta bi sahu a ranar 1 ga Afrilu, 2024. Mutane da yawa sun ɗauka tunda hukuma ta daina kame, kowa na iya busa hayaƙinsa inda ya ga dama, alhali kuwa ba haka abin yake ba. A lardin Ontariyo da ke Kanada, doka ta hana shan wiwi ko sigari a wuraren da mazauna bene suke tarayya a kansu, kamar zauren shiga da matattakala da lifta da ɗakin wanki. Abin da ke faruwa a cikin ɗakin mutum kuwa, yarjejeniyar haya ce ke yanke hukunci a kai: mai gida yana da ikon rubuta sharaɗin hana shan hayaƙi a sabuwar yarjejeniya, amma ba zai iya ƙaƙaba wa wanda ya riga ya shiga ba sai da yardarsa. Lardin Kebek, shi ma a Kanada, ya fi tsanantawa, domin ya ba masu gidaje kwana 90, zuwa 15 ga Janairu, 2019, su shigar da sharaɗin hana shan wiwi cikin tsofaffin yarjejeniyoyi, ya kuma hana shuka wiwi a gida duk da cewa dokar tarayya ta yarda da tushe huɗu. A Amurka ma, wanda ke zaune a gidajen da gwamnatin tarayya ke tallafawa yana iya rasa ɗakinsa saboda wiwi, ko da jiharsa ta halatta ta.

Abin da ya fi damuna shi ne halin maƙwabcin da ba ya sha. Hayaƙi ba ya tsayawa a ɗakin mai shi. Yana bin bututun iska na banɗaki, yana bin ƙarƙashin ƙofa, yana tasowa daga barandar ƙasa ya shiga tagar sama. A lokacin sanyi, da kowa ya rufe tagoginsa, uwar da ɗanta ke fama da ciwon asma sai ta jiƙa tawul ta toshe ƙasan ƙofa, ta kwana tana sauraron numfashin yaron. Irin wannan uwa, musamman in baƙuwa ce a ƙasar, sau da yawa takan yi shiru don tsoron rigima, tana zaton doka ba ta tare da ita.

Tana da haƙƙi. Dokar haya ta Ontariyo ta tanadi cewa kada wani ya takura wa ɗan haya a zamansa, kuma wannan yana aiki ko da babu sharaɗin hana shan hayaƙi a yarjejeniya. Mataki na farko shi ne magana da maƙwabcin cikin mutunci, don wani bai ma san hayaƙinsa na kai wa wani ɗaki ba. In bai ji ba, sai a rubuta wa mai gida takarda, a riƙa ajiye rana da lokacin da warin ya shigo, a haɗa da takardar likita idan akwai maras lafiya. Mai gida yana iya ba mai shan takardar gargaɗi ta kwana bakwai ya gyara, in kuwa mai gidan ya yi kunnen uwar shegu, ɗan haya na iya kai ƙara hukumar sasanta masu gida da 'yan haya, ya nemi a rage masa kuɗin haya ko a tilasta gyara. Sai dai jiran zaman hukumar kan ɗauki watanni, kuma a ganina zalunci ne a bar wanda ake cutarwa da nauyin tara hujja tsawon wannan lokaci.

Wanda likita ya rubuta wa wiwi a matsayin magani shi ma yana da haƙƙin a duba lalurarsa, amma akwai ta a siffar mai da ƙwayar magani da abin ci, waɗanda ba sa kai hayaƙi huhun kowa.

Don haka ina kira ga duk mai neman ɗaki a waɗannan ƙasashe da ya tambaya kafin ya sa hannu: an hana shan hayaƙi a ginin baki ɗaya ne, ko kuwa akwai tsofaffin mazauna da sharaɗin bai shafa ba? Ya nemi a ba shi amsar a rubuce, ya kuma ajiye kwafinta tare da yarjejeniyarsa.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku