Kafin ka taso da Camaro ɗin nan

Montreal, 3 ga Nuwamba

Aminina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Na yi murna ƙwarai da jin an ba ka aikin nan, Allah ya sa alheri ne ya kira ka. Amma da na kai inda ka ce za ka tuƙo Camaro ɗinka tun daga Houston ta jihar Texas a tsakiyar Disamba, kusan kilomita 3,000, a kan tayoyin da ke jikinta yanzu, sai na ce wannan ya fi ƙarfin saƙon murya. Na san halinka tun muna makaranta: abin da aka faɗa maka yana shiga ta nan ya fita ta can, sai wanda ka karanta da idonka.

Tayoyin nan masu faɗi da kake yabo, waɗanda ka ce suna kama kwalta kamar an shafa musu ƙaro, na lokacin zafi ne. An haɗa robarsu don ta yi laushi ta manne wa titi idan ta ɗau ɗumi. Da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius sai ta fara tauri, kamun ya ragu, ko da titin a bushe yake ƙayau. Ka taka birki motar ta ƙara gaba, ka sha kwana bayanta ya nemi wuce gabanta. Wannan kowane direba a garin nan ya sani. Abin da ban sani ba sai da jiki ya gaya mini shi ne, in sanyin ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, robar takan wuce tauri ta koma mai karyewa, kamar tsohon bokitin roba da ya shekara a rana. A wannan hali ba sai an yi gudu da ita ba. Nauyin motar kaɗai, in ka gangara da ita daga gareji zuwa bakin titi, zai iya tsattsaga ta.

Ga yadda aka yi. Shekarar da na zo na sayi wata mota ƙirar Jamus a hannu, da irin waɗannan tayoyi a jikinta, kusan sababbi. Da Nuwamba ta shigo na kai aka sa mini na hunturu, ina jin kaina na waye. Waɗanda aka cire kuwa na jera su a barandar gidan da nake haya, a hawa na biyu, na lulluɓe da tamfol, na manta da su. Cikin Janairu, wata safiya da sanyi ya zarce digiri 20 ƙasa da sifili, maigidan ya ce a kwashe kayan baranda don a share dusar ƙanƙara. Za ka ga irin matakalar ƙarfen da ke gaban tsofaffin gidajen Montreal, a waje take, tana murɗewa. Hannuna ya daskare, na ga ba zan iya ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya ba, sai na riƙa sakin su suna gangarawa suna dukan matakala, yadda yaran mai faci suke yi a gida. Taya ce ai, na ce, me zai same ta?

Sai a Afrilu, da na kai a mayar mini da su, bakanike ya kira ni ya haska mini fitila. Uku daga cikin huɗun sun yi faso, wallahi sak irin na dunduniya da hunturu, tsaga-tsaga a tsakanin zanen. Ya ce shi kam ba zai ɗaura su ba. Na je inda ake sayar da irinsu da zancen garanti, suka ce tsagar sanyi ba laifin ƙira ba ce, laifin ajiya ne. Ban yi musu gardama ba, don gaskiyarsu. Kuɗin da na zuba a sababbi ya kusa isar ni zuwa gida in dawo.

Kada ka ce tsoro ne irin nawa. Buɗe littafin motarka, General Motors, kamfanin da ya ƙera ta, da kansu sun rubuta: a ajiye irin wannan taya a cikin ɗaki, inda sanyi bai kai digiri 7 ƙasa da sifili ba. In kuwa ta riga ta sha shi, a bar ta a wuri mai ɗumi, aƙalla digiri 5, har awa 24 kafin a ɗaura ta ko a motsa motar. Sun kuma hana a kara mata hita ko a hura mata iska mai zafi don a gaggauta. Da kanta za ta warware. Na san za ka ce ai kun ga sanyi a Texas cikin Fabrairun 2021, har wuta ta ɗauke. Wancan kwanaki ne. A nan wata uku ake yi ana abu ɗaya.

Akwai kuma doka. A lardin Quebec, inda Montreal take, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, dole motar da aka yi wa rajista a nan ta kasance a kan tayoyin hunturu, in ba haka ba tarar dalar Kanada 200 zuwa 300. Lambar Texas za ta kare ka daga ɗan sanda na ɗan lokaci, ba daga ƙanƙara ba. Alamar da ake dubawa a gefen taya ita ce hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa. Wadda aka rubuta wa M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) kawai ba ta wadatar, komai daɗin bakin mai sayarwa. Kuma huɗu za ka saya. Motarka da tayoyin baya take ja, sai mutum ya ce bari ya sa biyu a baya ya huta. Gaban ne kuma zai ƙi jin sitiyari.

Shawarata, ka sa a yi maka odarsu tun kana can, da wili nasu daban, ka ɗaura kafin ka taso. Kwana ɗaya a titi mai ɗumi ba zai cinye su ba. Gishirin da ake watsawa a titunan nan ba ya barin wili mai ƙyalli da mutuncinsa, ga ramuka, saboda haka mai araha ya ishe ka, muddin ya wuce kan birkin, don birkin motar nan babba ne. Ka riƙa auna iska a hanya: duk saukar digiri 5 zuwa 6 taya na rasa kusan psi 1 (ma'aunin iskar taya ke nan), wato wadda aka cika a Houston za ta iso nan da yunwa.

Na zafin kuma, ka wanke su, su bushe sarai, ka rubuta wa kowace gurbinta da alli, ka sa a babbar leda ka matse iskar ka ɗaure. In suna kan wili a jera su kwance, wata kan wata. In babu wili a tsaye, ana ɗan juya su lokaci-lokaci. Kada rana ta gan su, kada su kusanci injin lantarki mai aiki, don iskar ozon da yake fitarwa tana cin roba. In masu kwasar kaya ne za su kawo su, to a bayan babbar mota za su kwana cikin sanyi, ka ja musu kunne kada su jefo su ƙasa. A sauke a hankali, a bar su su kwana a ɗaki kafin kowa ya taɓa.

Abin dariya, da na je gida bara na ga alamar dutsen nan a tayar tasin da ta ɗauko ni daga filin jirgi. 'Yar gwanjo ce da ta gama hunturunta a Turai aka kawo mana, tana narkewa a zafin bazara, direban yana ta yabon zurfin zanenta. Ban ce masa komai ba, addu'a na yi ta yi har muka isa.

Na share maka wuri a ɗakin ƙasa na gidanmu, can nesa da injin ɗumama gida, zai ɗauki huɗun. Ka turo mini lambobin da ke gefen tayarka in tambayi bakanikena girman da zai dace, don garejin nan duk a cike suke a wannan wata, sai da layi. Ka gaida uwargida, ka ce mata maiɗakina ta ce kada ta sayi rigunan sanyin yara a can, a nan za su je kasuwa tare. In da sauran yajin nan da aka aiko maka daga gida, ka taho mini da shi.

Naka amini